Lamba ce arzikin matuƙi: yadda haɗewar kamfanonin jiragen sama ke mayar da babba ƙarami

Ranar 15 ga Janairun 2009, jirgin kamfanin US Airways mai lamba 1549 ya tashi daga filin LaGuardia na birnin New York. Bai yi nisa ba ya ci karo da garken agwagin daji, injinansa biyu suka mutu, aka sauke shi a kan kogin Hudson. Mutum 155 ne a ciki, kuma duk suka fita da ransu. Duniya ta riƙe sunan kyaftin ɗin, Chesley Sullenberger. Wanda ke zaune a damansa kuwa, Jeffrey Skiles, ba kowa ya riƙe nasa ba.

Skiles ba yaro ba ne a wannan rana. Shekarunsa 49, kuma tun 1986 yake aiki da kamfanin. Ya taɓa ɗaura igiya huɗu a kafaɗa, ya zauna a kujerar hagu, wadda ita ce ta kyaftin. Da kamfanin ya shiga matsi ya rage jirage, sai ya koma kujerar dama, ta mataimaki. Bai yi wani laifi ba, bai faɗi wata jarrabawa ba. Lambarsa ce kawai ba ta kai ba.

Bayan kwana arba'in da saukar Hudson, su biyun suka zauna gaban wani kwamitin majalisar wakilan Amurka. Sullenberger ya shaida wa 'yan majalisa cewa an zabge kashi 40 cikin ɗari na albashinsa, an kuma soke fanshon da ya yi shekaru yana dogaro da shi. A daidai lokacin, matuƙan kamfanin nasu sun rabu gida biyu, 'yan Gabas da 'yan Yamma. Kaya iri ɗaya suke sawa, fenti iri ɗaya ne a jikin jiragensu, amma ba sa zama a ɗakin tuƙi ɗaya, kuma shari'arsu na gaban kotu. Abin da suke rigima a kai takarda ce mai ɗauke da jerin sunaye.

Layin da ake shiga sau ɗaya

Duk wanda ya taɓa zama a tashar mota ya san layi. Direba ya shigo, a rubuta lambar motarsa, ya jira lodi ya zo kansa. Wanda ya riga ka barci, dole ya riga ka tashi. Haka matuƙan manyan kamfanonin Amurka suke, sai dai nasu layin sau ɗaya ake shigarsa. Ranar da aka ɗauki mutum aiki za a ba shi lamba a wutsiyar jerin, kuma ba zai matsa gaba ba sai wani na sama da shi ya yi ritaya, ko ya bar aiki, ko ya rasu, ko kuma kamfani ya sayo ƙarin jirage.

Wannan lamba ita ce komai. Ita za ta faɗi ko babban jirgi mai ƙetare teku zuwa Landan da Faris za ka tuƙa, ko ƙarami mai zirga-zirga tsakanin garuruwa, kuma kuɗin awa ɗaya a tsakanin jiragen biyu ba ɗaya ba ne. Ita za ta faɗi shekarar da za ka zama kyaftin. Ita ce mai zaɓa maka garin da za ka riƙa tashi daga cikinsa, da ranakun hutunka, da ko za ka yi biki tare da iyalinka ko kana otal a wata ƙasa. Na can ƙasa shi ne mai zaman jiran kira, waya a hannu, ba ya sanin inda zai kwana gobe. In kuma kasuwa ta faɗi aka zo rage ma'aikata, daga ƙasa ake farawa, a tura mutum hutun dole ba albashi, har ranar da za a sake kiransa, in an kira.

Matuƙan da kansu suka nemi wannan tsari, kuma suna da hujja. A zamanin jigilar wasiƙu ta sama, manajoji kan matsa wa matuƙi ya tashi ko da hazo ya rufe gari, in ya ƙi a ba wani. Cikin irin wannan yanayi David Behncke da abokansa suka kafa ƙungiyar matuƙa ta ALPA a 1931. Idan lamba ce ke ba da girma, to kyaftin zai iya cewa ba zai tashi da jirgi mai matsala ba, ba tare da tsoron a hana shi ƙarin matsayi ba. Babu ɗan lele, babu wa-ka-sani. A ganina wannan ba ƙaramin alheri ba ne, ga matuƙi da kuma fasinjan da ke zaune a bayansa.

Amma tsarin na da wani babban rauni: lambar ba ta bin mai ita. Likita in ya bar wannan asibiti ya koma wancan, da shekarunsa yake tafiya. Matuƙi kuwa in ya sauya kamfani, ko da ya yi shekara talatin yana kyaftin, daga wutsiya zai fara, da albashin sabon shiga. Lokacin da kamfanonin Eastern da Pan Am suka mutu a 1991, dattawa masu furfura da dama haka suka koma mataimakan waɗanda suka haifa. Saboda haka matuƙi ba ya iya guduwa daga kamfanin da ke nutsewa. Kuma saboda haka, ranar da aka ce kamfani biyu za su zama ɗaya, tambayar farko a bakin kowa ita ce: ina zan faɗa a sabon jerin?

Agololin St. Louis

A Afrilun 2001 kamfanin American ya sayi kadarorin TWA, wanda ke gaban kotun masu karayar arziki. TWA tsohon gida ne mai suna, cibiyarsa a St. Louis ta jihar Missouri, da matuƙa kimanin 2,300. A cikin kwantiraginsu akwai sharaɗin da ya ba su damar kai batun jeri gaban mai raba gardama idan aka sayar da kamfanin. American ta ce ba za ta saya ba sai an cire wannan sharaɗi. Mutanen da ke kallon ƙofar kamfaninsu na shirin rufewa ba su da ƙarfin musu, suka yarda.

Daga nan sai American da ƙungiyar matuƙanta, APA, suka zauna su kaɗai suka tsara jerin. Kusan mutum 2,500 na farko duk 'yan American ne. Bayan su aka riƙa sa ɗan TWA ɗaya bayan kowane kimanin takwas na American. Sauran, fiye da rabin matuƙan TWA, aka maƙala su gaba ɗaya a wutsiya, ƙarƙashin sababbin shigan American. An dai kewaya musu wani shinge a St. Louis, inda aka keɓe musu wasu kujerun kyaftin. Ma'aikatan kula da fasinja na TWA ko wannan ba su samu ba, dukkansu ƙasa aka kai su.

Harin 11 ga Satumban 2001 kuwa ya sa mutane sun ƙaurace wa jirgi, aka shiga rage ma'aikata. Tunda daga ƙasa ake farawa, agololin gidan ne suka fara fita, wasu bayan sun yi shekaru masu yawa a sama. Tsofaffin matuƙan TWA sun kai ƙungiyarsu ta ALPA ƙara, suna zarginta da yin sanyi wajen kare su don tana zawarcin matuƙan American su shigo cikinta. A 2011 masu taya alƙali shari'a a wata kotun tarayya da ke New Jersey suka ba su gaskiya, a 2014 kuma aka sasanta a kan dala miliyan 53. In aka raba wannan kuɗi ga mutum fiye da dubu biyu, aka auna shi da shekarun kyaftin da suka kuɓuce musu, ba wani abin a zo a gani ba ne.

Abin da ya samu mutanen TWA ne ya sa sanatocin Missouri biyu, Claire McCaskill ta jam'iyyar Democrat da Kit Bond na Republican, suka haɗa kai suka kawo dokar da aka sa wa hannu a Disambar 2007. Ba sabon abu suka ƙirƙiro ba. A da, hukumar da ke kula da harkar jiragen farar hula a Amurka kan gindaya sharuɗɗan kare ma'aikata kafin ta amince da kowace haɗewa, kuma waɗanda ta sa a 1972, lokacin da kamfanin Allegheny ya haɗiye kamfanin Mohawk, su suka zama abin koyi. Bayan an sakar wa kamfanoni mara a 1978, hukumar ta shuɗe, kariyar ta bi ta. Sanatocin sun farfaɗo da sassa biyu daga ciki: dole a haɗa jerin bisa adalci da daidaito, in kuma an kasa jituwa, a je gaban mai raba gardama wanda hukuncinsa ya zama na ƙarshe. Idan ƙungiya ɗaya ce ke wakiltar ɓangarorin biyu, to ƙa'idarta ta cikin gida za a bi.

Dokar ta hana a yanke wa mutum hukunci ba ya wurin. Amma ba ta faɗi abin da ake nufi da adalci ba, kuma a nan gizo ke saƙar.

Gabas da Yamma

A Satumbar 2005 America West, kamfani matashi daga jihar Arizona da ya fara tashi a 1983, ya haɗe da US Airways, wanda ke fitowa daga karayar arzikinsa ta biyu cikin shekara uku. US Airways jikan Allegheny ɗin nan ne, kuma shi kansa tarin kamfanoni ne da aka haɗa. Sullenberger ma ta kamfanin PSA ya shigo, wanda ya ɗauke shi a 1980. An riƙe sunan US Airways, amma shugabancin ya koma hannun Doug Parker na America West.

'Yan Gabas, wato na tsohon US Airways, sun kai kimanin 5,100 a takarda, amma kimanin 1,700 daga ciki suna hutun dole. 'Yan Yamma, wato na America West, kimanin 1,900 ne, kuma kowannensu na bakin aiki. Gabas ta ce a bi ranar ɗauka aiki, domin shekaru ba sa ƙarya. Yamma ta ce in aka bi haka, mutanen da ba su da aiki ranar da aka haɗe za su hau kan waɗanda ke da shi, kuma kyaftin ɗin Yamma zai tsinci kansa a ƙasan mataimakin Gabas, alhali kamfaninsu ne mai lafiya, na Gabas kuwa yana bakin kabari. Tunda duk 'yan ALPA ne, suka bi ƙa'idarta, suka miƙa maganar ga George Nicolau, gogaggen mai raba gardama, bisa alkawarin cewa abin da ya yanke shi ke nan.

A Mayun 2007 ya yanke. Ya sa 'yan Gabas kimanin 500 a sama, saboda manyan jiragen ƙetare da Yamma ba ta da irinsu. Ya cakuɗa sauran masu aiki bisa lissafin kaso. Waɗanda ke hutun dole ranar haɗewa kuwa ya kai su ƙasa baki ɗaya. Ma'anar wannan ita ce, mutumin da aka ɗauka a ƙarshen shekarun 1980 ya koma ƙarƙashin wanda bai fi 'yan watanni da fara aiki a Phoenix, garin 'yan Yamma, ba.

Sai mutum ya tsaya ya dubi halin da 'yan Gabas ke ciki kafin ya yi musu hukunci. An soke fanshonsu a 2003. An yanke albashinsu fiye da sau ɗaya. Abu ɗaya da ya rage musu na sa rai shi ne dattawansu da yawa sun kusa ritaya, kujerun kyaftin za su buɗe, su da suka yi shekara goma sha biyar ko ashirin a dama su samu su matsa hagu kafin lokacinsu ya ƙare. Jerin Nicolau ya nuna cewa kaso mai yawa na waɗannan kujeru samarin Yamma ne za su gaje su. Ana cikin haka kuma, a Disambar 2007, aka ɗaga shekarun ritaya daga 60 zuwa 65, layin ya tsaya cik na shekara biyar. Duk mai tausayi zai ji musu.

Sai dai abin da suka yi daga baya, ban ga yadda za a kare shi ba. Yarjejeniyar wucin gadi da aka yi lokacin haɗewa ta ce sabon jerin ba zai fara aiki ba sai an samu kwantiragi ɗaya da ya haɗa kowa. 'Yan Gabas suka ga ƙofa. Da yake sun fi yawa, a Afrilun 2008 suka kaɗa ƙuri'a suka fitar da kowa daga ALPA, har da 'yan Yamman da ba su so, suka kafa sabuwar ƙungiya mai suna USAPA, da hedikwata a Charlotte, wadda tsarin mulkinta ya ɗaure ta ga ranar ɗauka aiki. Hujjarsu ita ce ALPA ce ta yi alkawarin bin hukuncin, ba su ba. Mutum ya yarda a je gaban alƙali, ya kawo shaidunsa, da hukunci bai yi masa daɗi ba sai ya ce shi ba shi ne ya zo ba. In wannan ya zama al'ada, babu ƙaramin ɓangaren da zai sake yarda da sasanci, kuma kariyar da mutanen TWA suka rasa, wadda aka sha wuya kafin a dawo da ita, ta zama wofi.

A 2008 man jirgi ya yi tsada, kamfanin ya sanar zai dakatar da matuƙa 300, kuma 175 daga ciki 'yan Yamma ne, alhali da jerin Nicolau ake bi da yawansu ba za a taɓa su ba. Suka garzaya kotu. A 2009 suka yi nasara a Phoenix. A 2010 kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin, ta ce lokacin ƙarar bai yi ba tukuna. A 2015 kotun ta dawo ta ce USAPA ta ci amanar wakilcin da ke wuyanta. Shekara da shekaru babu sabon kwantiragi, 'yan Gabas suna karɓar albashin zamanin karayar arziki, ɗaya daga cikin mafi ƙanƙanta a manyan kamfanonin ƙasar, yayin da takwarorinsu a wasu wurare ke samun ƙari. Kamfanin bai yi asara da wannan jinkiri ba. Ma'aikatansa ne suka biya, Gabas da Yamma duka.

Waɗanda suka zo daga baya sun ɗauki darasi. Da Delta da Northwest za su haɗe a 2008, matuƙan ɓangarorin biyu suka fara kammala kwantiragi ɗaya, da ƙarin albashi da hannun jari a sabon kamfanin, kafin a ƙulla cinikin a Oktoba. Sai bayan nan masu raba gardama uku suka fitar da jeri a Disamba, lokacin da babu sauran ƙofar da wani zai bi ya tsere. 'Yan Northwest sun san zafin abin, don tun haɗewarsu da kamfanin Republic a 1986 suke rabe gida biyu, masu jan littafi da masu koren littafi, da shingen da ya ɗauki shekara ashirin. ALPA ma ta gyara ƙa'idarta ta sa tsawon shekarun aiki cikin abubuwan da dole a duba. Shi ya sa a jerin United da Continental na 2013 aka ba shekarun aiki kashi 35, kujera da girman jirgi kashi 65, kuma ba a zubar da masu hutun dole a wutsiya gaba ɗaya ba.

Abin da ke cikin takarda

Idan aka bi waɗannan labarai, za a ga cewa makomar matuƙi a ranar haɗewa ta rataya ne ga sharuɗɗan da aka rubuta tun ana zaman lafiya. Na farko a cikinsu shi ne wanda ya ce jiragen kamfani, matuƙan da ke cikin jerin kamfani ne kaɗai za su tuƙa su. In babu shi, sabon mai gida zai iya kwashe jiragen ya ba wani reshe mai arha. Akwai wanda ke ɗaure duk wanda ya sayi kamfanin ya karɓi kwantiragin da ma'aikatan tare, da wanda ya ce in an sayar da wani yanki na jirage ko hanyoyi, matuƙansu za su bi su da girmansu. A cikin hukuncin haɗa jeri kuma akan sa cewa ba wanda za a tayar daga kujerar da yake kai, sabuwar lamba sai a kan gurbin da ya buɗe nan gaba za ta yi aiki. Dokar da ke kula da ƙwadagon jiragen ƙasa ta 1926, wadda aka faɗaɗa zuwa jiragen sama a 1936, ta ƙara wata garkuwa: kwantiragi ba ya mutuwa don wa'adinsa ya cika, yana nan har a yi sabo.

Duk da haka kotun karayar arziki na iya warware da yawa daga cikin waɗannan. Shingen St. Louis bai tsira ba bayan American ta shiga wannan kotu a Nuwambar 2011. Sharaɗi a takarda yana da ƙarfi ne gwargwadon lafiyar kamfanin da ya sa hannu, da haɗin kan waɗanda aka rubuta shi dominsu.

A Najeriya ba a cika haɗa kamfanonin jirage ba, mutuwa suke yi. Nigeria Airways ya daina tashi a 2003, kuma tsofaffin ma'aikatansa, ciki har da matuƙa da injiniyoyi, a 2018 gwamnatin Muhammadu Buhari ta amince a biya su wani kaso na haƙƙoƙinsu, bayan da yawa sun riga mu gidan gaskiya. Hukumar AMCON ta karɓi Aero Contractors a 2016 da Arik a 2017 saboda bashi. Saurayin da ya gama kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya, wanda iyayensa ko gwamnatin jiharsa suka kashe masa maƙudan kuɗi, ya kamata ya karanta takardar ɗaukarsa aiki da irin natsuwar da yake karanta taswirar sauka, ya nemi wurin da aka faɗi abin da zai same shi in kamfanin ya sauya hannu. Ƙungiyar matuƙa da injiniyoyin jirage ta ƙasa, NAAPE, ita ma wannan ne aikin da ya fi cancanta ta sa a gaba tun kafin wani ciniki ya taso.

US Airways ya haɗe da American a Disambar 2013, Doug Parker ya sake zama shugaba. Aka zo haɗa jeri, sai ga ɓangare uku a teburi maimakon biyu: 'yan American, da tsofaffin 'yan TWA a cikinsu, da 'yan Gabas, da 'yan Yamma. Sai a Satumbar 2016 masu raba gardama suka fitar da jeri ɗaya, shekara goma sha ɗaya bayan haɗewar Gabas da Yamma. Jerin Nicolau kuwa ko kwana ɗaya bai yi yana aiki ba.

Kafin nan, ranar 16 ga Oktoban 2015, jirgi na ƙarshe mai ɗauke da sunan US Airways ya tashi daga Philadelphia. An ba shi lamba 1939, shekarar da kakan kamfanin ya fara jigilar wasiƙu. Ya sauka a Charlotte, garin 'yan Gabas, ya wuce Phoenix, garin 'yan Yamma, ya isa San Francisco, ya kwana a sama ya dawo Philadelphia da safiyar 17 ga wata. Aka sauke allunan kamfanin daga filayen jiragen sama a daren, matuƙansa kuwa har lokacin suna cikin jeri biyu.